Ranar da Na Ɗaga Ƙafata Daga Feda

Mai girma shugaban taro, shugabar makarantarmu, malamanmu da muka san muryoyinsu tun kafin mu ga fuskokinsu, likitoci da ma'aikatan jinya, iyaye da mazaje da matan da suka yi haƙuri da mu, ƙannena ɗalibai da ake yayewa yau, jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum.

Ina godiya ga Allah da ya tara mu a ɗaki ɗaya, mu da muka yi karatu daga nesa, kowa a ƙuryar ɗakinsa. Ina godiya ga makaranta da ta tuna da tsohuwar ɗalibarta. Ina kuma godiya ta musamman ga Malama Mai Jan Biro, wadda ta shekara tana mayar mini da aikina jawur. Sai yau na gan ta ido da ido. Wallahi na ɗauka doguwa ce.

Ga baƙinmu da ba su san sana'ar ba: likita yakan ɗauki bayanin majinyaci da muryarsa, mu kuma mu saurara, mu mayar da shi rubutu. Akwai feda a ƙarƙashin tebur. Ka taka, murya ta tafi. Ka ɗaga ƙafa, ta tsaya. Ni da na yi shekara goma a kan keken ɗinki, ƙafata ce ta fara cin jarrabawa kafin kaina.

Abu uku zan faɗa. Na farko ga masu shirin shiga ne: ba a cinikin biri a sama. Makarantar da na fara nema ta yi mini alkawarin aiki cikin wata uku. Yayata, wadda ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ta karanta tallar ta ce, "Auta, ce musu su haɗa ki da mutum ɗaya da ya gama." Na tambaya, shiru kake ji. Don haka ku tambaya. Ku tambaya ko muryoyin likitoci na gaske za ku saurara, masu sauri, masu tari, masu magana suna tauna. Ku tambaya ko akwai malamin da zai duba aikinku ya ce kun yi kuskure.

Na biyu ga waɗanda suka gama ne. Takarda ba ta buɗe ƙofa ita kaɗai. Wuri goma sha ɗaya na nema, tara suka ce sai mai ƙwarewa, biyu suka ba ni gwaji, na faɗi ɗaya. Kada ku ji kunyar ƙaramin aiki, kada ku daina atisaye kuna jira. Mai nema yana tare da samu.

Na uku shi ne abin da ya kawo ni. Ina cikin watan gwaji a wurin da ya ɗauke ni, wata safiya bayan yara sun tafi makaranta, na sa abin ji a kunne na taka feda. Likita ya faɗi sashensa, sashen masu cutar daji. Ya faɗi sunan majinyaciya da ranar haihuwarta. Sunan Yayata ne, ranar haihuwarta ce.

Na ɗaga ƙafa.

Dokar aikinmu a bayyane take: in ka san mai jinyar, ka tsaya, ka mayar da aikin, ka ja bakinka. Amma jama'a, doka a takarda daban, doka a ƙirji daban. Minti huɗu ne suka rage a cikin muryar nan, kuma duk abin da nake son sani yana cikinsu. Ba kowa a ɗakin. Ƙafata na saman feda, zuciyata na ce mini, ai 'yar'uwarki ce, wa ya fi ki haƙƙin sani? Sai na tuna jiya-jiya ta zo gidana, ta yi wa yara kitso, ta yi dariya, ba ta ce mini komai ba. In ba ta faɗa ba, to ba ta shirya ba. In na taka, na ɗauki abin da ba ta ba ni ba.

Na mayar da aikin. Na rubuta wa shugabata a wurin aiki layi ɗaya, na kifa kai a tebur na yi kuka.

Kwana ashirin da uku na yi ina kallonta. Ta zo, mu gaisa, in ce ya gajiya, ta ce babu. An ce ba don abinci kaɗai aka yi ciki ba, amma ban san nauyin maganar ba sai lokacin. Rana ta ashirin da huɗu muna ninke wanki, ta ce, "Auta, zauna, akwai magana." Da ta gama ba ni labarin ciwonta, na gaya mata abin da ya faru. Ta kalle ni ta ce, "Ba ki saurara ba? Ke da ko tukunya ba kya bari a rufe?" Na ce ban saurara ba. Ta kama hannuna ta ce, "Da kin tambaye ni a lokacin, ƙarya zan yi miki. Ni kaina ban gama gaya wa kaina ba."

Ƙannena, kowace murya da za ta shigo kunnenku, 'yar'uwar wani ce a ciki, uban wani ne, ɗan wani ne. Ku riƙe su kamar naku.

Wataƙila wani yana cewa a ransa, ga mai wa'azin sirri tana tona sirri a bainar jama'a. To sai da na nemi izini. Ga ta can a layi na uku, shekara biyu ke nan da gama magani. Ta ce, "Faɗa musu, Auta. Amma ki ce su dube ni da kyau, su ga na yi ƙiba." Yaya, sun gani.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ƙarfafi masu jinyarsu. Allah ya buɗe wa ɗaliban nan ƙofofin aiki, ya tsare kunnuwansu da harsunansu, ya sa su cika amana ko ba mai ganinsu. Allah ya saka wa malamanmu, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.