Bakina Ne Ya Mayar da Rifkatu Gida

Ina gaishe ku 'yan'uwa cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya sake tara mu a falon nan lafiya. Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Ladi, nas ce ni, shekarata tara ina aiki a wani asibiti a nan Riyad. Shaidar da zan bayar yau ba mai daɗin faɗa ba ce. Wata biyu ke nan ina cewa Juma'a mai zuwa zan tashi, in ranar ta zo sai kunya ta danne ni a kujera. Yau dai ga ni a gabanku.

Ciwon da Ubangiji ya raba ni da shi ba na jiki ba ne, na baki ne. Gunaguni! Waɗanda suka daɗe da ni sun sani, ga Maman Dauda can tana murmushi. In an kunna esi in ce sanyi zai kashe ni, in an kashe in ce gasa mu za a yi. Shinkafar kabsa ta ishe ni, abaya ta dame ni. Mudira kuwa, wato shugabar sashenmu, ko gaishe ni ta yi sai na tsaya neman abin da take nufi. Kuma ban taɓa ɗaukar wannan zunubi ba. Har taƙama nake yi wai ni ba na ɓoye gaskiya.

Kun san yadda muke yi a nan. In sabuwar nas ta iso daga gida, wadda ta daɗe ita take tarbarta, ta tuƙa mata tuwo, ta nuna mata yadda ake zaman garin. Bara aka haɗa ni da Rifkatu, 'yar wajenmu ce daga Kafanchan. Shekara huɗu tana neman aikin nan. Mijinta ya yi hatsari a babur, ƙafarsa ba ta koma daidai ba, ga yara biyu, ita ke riƙe da gidan. Matan zumunta na cocinsu har azumi suka yi mata kafin takardunta su fito.

Ranar da na ɗauko ta a filin jirgi, tun a mota take leƙe ta taga tana dariya har da hawaye. Ta ce, "Anti Ladi, ashe da gaske na iso! Allah ya yi!"

Kun san abin da na ce mata? Na ce, "Yi dariyarki yanzu, nan da wata ɗaya ma gani."

Ita ce maganar farko da baiwar Allah ta ji daga bakina a ƙasar nan.

Muka isa ɗakina a unguwar Al-Badi'a, na zuba mata tuwo da miyar kuka, tana ci ina zuba mata labari. Na ce wata ukun farko na gwaji wuta ne. Na ce mudira ba ta ƙaunar 'yan Najeriya. Na ce majinyata za su yi ta yi mata tsawa da Larabci, ba wanda zai tsaya mata. Wani abin gaskiya ne, wani kuwa na ƙara masa gishiri don labarin ya yi armashi. Kafin ta gama cin tuwon nan dariyar ta ɗauke.

Haka muka yi ta yi. Kullum in ta tashi daga aiki sai ta biyo ta wajena, don ba ta da kowa. In ta ce, "Anti, yau na kasa gane abin da likita ya ce," maimakon in zaunar da ita in koya mata 'yan kalmomin, sai in ce, "Ai kaɗan kika gani." Yarinyar da take rera waƙa tana wanke-wanke ta yi shiru. Ta rame. Ina gani da idona, amma na ce ƙasar ce take cin ta.

A wata na uku ta yi ɗan kuskure, ta rubuta bayanin wani majinyaci a fayil ɗin wani. An gano da wuri, ba abin da ya samu kowa. Mudira ta kira ta ta ja mata kunne, iyakarta ke nan. Rifkatu ta zo mini tana kuka, ni kuwa na ce, "Shi ke nan, sun sa miki ido. Haka suke farawa." Wayyo ni! Ashe a satin nan ta rubuta takardar ajiye aiki, ta nemi bizar fita ta ƙarshe, ba ta faɗa wa kowa ba.

Juma'ar da ta biyo baya muna nan falon, waɗansunku kuna wurin. Baba Ishaku, dattijon da ke bi da mu, ya yi koyarwa a kan mutum goma sha biyun da Musa ya aika su leƙo ƙasar alkawari. Suka dawo ɗauke da 'ya'yan inabi har sai da mutum biyu suka rataya a sanda. Amma goma daga cikinsu suka ce ƙasar cin mutane take yi, ƙattai ne a ciki, mu kamar fara muke a gabansu. Jama'a suka fashe da kuka, suka ce gara su koma Masar. Baba Ishaku ya ce, "Ku lura, mutum goman nan ba ƙarya zalla suka yi ba. Ƙattan suna nan, ganuwar tana nan. Allah kawai suka cire daga cikin labarin. Kuma ba su kaɗai suka rasa ƙasar ba, duk wanda ya saurare su ya rasa."

Ni ina zaune ina gyaɗa kai, har ina cewa amin, ina tunanin waɗansu mutane dabam da ya kamata su ji wannan.

Da aka zo neman addu'a, Rifkatu ta ɗaga hannu. Ta ce, "Ku sa ni a addu'a, ranar Talata zan koma gida, na ajiye aiki. Ina kuma gode wa Anti Ladi, ita ce ta faɗa mini gaskiyar ƙasar nan tun da wuri, ba ta bar ni cikin duhu ba."

'Yan'uwa, ba gatse take yi ba. Da zuciya ɗaya take gode mini! Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Na tashi na shige kicin ɗin can, na durƙusa a gaban firij na ce, "Ya Yesu, ni ce! Ni ce ɗaya daga cikin goman nan. Ka ba ni 'yarka in riƙe mata hannu, na karya mata gwiwa. Ka yi mini jinƙai, ka kama bakin nan nawa." Na yi kukan da rabona da irinsa tun rasuwar mahaifiyata.

Ranar Lahadi da safe na je ofishin mudira, matar da na yi shekaru ina ɓata wa suna, na roƙe ta a janye takardar. Ta dube ni ta ce, "Ya Ladi, sau biyu na zaunar da ita na ce ta tsaya. Hannunta yana da kyau, na so in riƙe ta. Amma kamar akwai wanda ya tsorata ta. Halas, magana ta ƙare, takarda ta riga ta wuce." Na kasa ɗaga ido in kalle ta.

Ranar Talata ni na raka Rifkatu filin jirgi. A hanya na faɗa mata abubuwan da ban taɓa faɗa mata ba. Na ce mata Hajiya Bilki, abokiyar aikina Musulma 'yar Kano, shekara shida tana musayar aikin Juma'a da ni don in samu zuwa zumunta. Na ce mata da mahaifiyata ta rasu, mudirar nan ce ta sa hannu a hutuna a yini ɗaya, ta rungume ni. Na ce mata akwai wata tsohuwa Balarabiya da na yi jinya, har yau 'yarta take kirana. Na ce mata da aikin nan yarana uku suka gama makaranta. Sannan na roƙe ta gafara.

Muka yi ta tafiya har muka kusa isa. Can ta ce, "Anti, me ya hana ki faɗa mini wannan tun ranar da na zo?"

Haka muka rabu a filin jirgi.

Rifkatu ta yafe mini, da bakinta ta faɗa a waya. Ubangiji ma ya gafarta mini, na gaskata. Ya kuma kwance ni daga gunaguni. Ba wai ba ya taso mini ba, yana tasowa, amma yanzu ina jin sa tun yana maƙogwaro, in haɗiye in nemi abin godiya. Wannan ba ƙarfina ba ne, shekara tara ban iya ba. Yabo ya tabbata ga sunansa!

Amma kada in rufe ku, gafara ba ta mayar wa Rifkatu da aikinta ba. Tana Kafanchan, tana taya wani sayar da magani a kemis, mijinta har yanzu da sanda yake tafiya.

Don haka ina roƙonku, zaman ƙasar nan akwai wuya, ba na musu. In za ku ba ɗan'uwa labarinta, ku faɗi wuyar, amma kada ku cire Allah daga ciki. Ku dogara gare shi, shi ya kawo mu, shi yake riƙe da mu. Na gode wa Yesu da bai yashe ni a jeji ba. Yanzu kafin in zauna, don Allah mu sunkuyar da kai, ba domina ba, mu roƙa wa Rifkatu Ubangiji ya buɗe mata wata ƙofar. Amin.