Shafin da Na Tsallake a Littafin Baba Bulus

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Salamarsa ta zauna tare da ku.

Sunana Ishaya. Yawancinku kun san ni da furfura da sanda, amma na yi ƙuruciyata a Sabon Garin Kano, a shekarun da aka bar fam da sule aka koma naira. Albashi ya hau, kowa ya sayi babur da rediyo, Kantin Kwari ta cika da sababbin yadi, ranar Asabar kuma kiɗa na tashi a kowane layi. Har yau in na tuna ƙanshin tsire da soyayyen kifi a bakin kasuwa da yamma, sai kewa ta kama ni. Amma a cikin daɗin nan ne na kusa hallaka.

Ina aiki a wata ƙaramar maɗaba'a a Fagge, ta wani Alhaji, Bayarabe haifaffen unguwar, mutum mai haƙuri ƙwarai. Aikina jera haruffa. A lokacin da hannu ake tsintar haruffan dalma ɗaya bayan ɗaya, a jera su su zama layi, layi ya zama shafi. Saboda haka duk abin da za a buga, ni ne mai fara karanta shi, kuma a hankali.

Giya na fara ta da kwalba ɗaya bayan tashi daga aiki. Kafin shekara uku, sai na kurɓi ogogoro, giyar nan mai ƙarfi, da safe hannuna yake daina rawa. Matata Ladi ta yi kuka, ta yi faɗa, ta gaji ta yi shiru. Majami'a kuwa sai ranar Kirsimeti.

Wata rana wani dattijo ya shigo da littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Sunansa Baba Bulus, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Ya rubuta labarin yadda ya shekara ashirin yana shan giya da yadda Ubangiji ya raba shi da ita, yana so a buga masa. Alhaji ya miƙo mini aikin.

Da farko dariya nake yi. Na ce wa abokan aikina, "Wa zai karanta wannan? Tsoho ya sha ya ƙoshi, yanzu zai hana mu."

Sai na iso wani shafi. A ciki Baba ya ce 'yarsa tun tana ƙarama ta iya gane ko ya sha daga yadda yake tura ƙofa. In ta ji, sai ta bar abincinta ta shige ƙarƙashin gado. Ya ce ta girma ta yi aure, amma har ranar da yake rubutun, gaisuwar baƙo take yi masa.

Ina da 'ya, Rahila, shekararta biyar a lokacin. Yarinya ce mai son waƙa, amma da ta ji ƙarar babur ɗina sai ta yi tsit ta ɓuya a bayan zanen uwarta. Ni kuwa ina cewa kunya ce.

Raina ya ɓaci. Na ji kamar tsohon ya leƙa ɗakina ne ya rubuta. Na juya shafin, na ci gaba da na gaba, ban jera ko harafi ɗaya daga cikinsa ba.

Ranar Juma'a da rana, Alhaji da sauran ma'aikata sun tafi masallaci, ni kaɗai ne a shagon, sai ga Baba ya zo duba bugun gwaji. Ya sa tabarau yana bin layi da yatsa. Can sai ya tsaya.

"Ɗana, akwai shafin da babu."

"Kuskure ne, Baba. Za a gyara."

"Mai kuskure yakan tsallake layi. Kai kuwa ka cire shi daidai daga farkonsa har ƙarshensa." Ya cire tabaran ya dube ni. "Taka 'yar, shekararta nawa?"

'Yan'uwa, ban san lokacin da na fashe da kuka ba. Babba da ni, hannu duk tawada.

Bai yi mini wa'azi ba. Ya ce mu durƙusa. Muka durƙusa a kan guntayen takardu kusa da inji. Ya ce, "Yesu, ga wani irina. Abin da ka yi mini, ka yi masa da wuri, tun 'yarsa ba ta girma ba." Ni kuma abin da na iya faɗa kawai shi ne, "Ubangiji, na gwada na kasa. Ka karɓe ni haka."

Ba zan ce muku daga nan komai ya zo da sauƙi ba. Da na daina sha, na kwana huɗu ina rawar jiki da amai. Alhaji ya zo har gida, ya ce, "Malam Ishaya, ka zauna ka warke. Aikinka yana jiran ka." Da na koma, shafin nan na fara jerawa. Bayan wata biyu na sake sha a wurin wani biki. Na je wurin Baba kaina a sunkuye, ya ce, "Ni sau uku na faɗi, kai ka jera labarin da hannunka. Tashi mu ci gaba." Tun daga ranar ban ƙara ba. Yabo ya tabbata ga Ubangiji!

Da littafin ya fito, kowa da yadda ya karɓe shi. Wasu dattawan ikilisiya suka ce bai dace mutum mai shekaru ya tona asirin kansa haka ba. Babban ɗan Baba ya daina zuwa gidansa na tsawon watanni, ya ce an kunyata su a gari. Amma wasiƙu suka riƙa zuwa shagonmu daga Zariya da Kafanchan da Jos. Wani direba ya rubuto cewa ya jefar da littafin ta taga don haushi, ya yi tafiya kaɗan, ya tsaya ya koma ya ɗauko. Alhaji ma ya karanta, ya ɗauki guda ya kai wa wani ɗan'uwansa, ya ce ciwon nan ba ya tambayar addinin mutum.

Rahila kuwa ta ɗauki kusan shekara kafin ta saki jiki da ni. Wata yamma na dawo, na kashe babur, sai na ji waƙar ba ta tsaya ba. Na daɗe a tsaye a ƙofa ina saurare.

Amma maganar da ta fi shiga raina ita ce ta Ladi. Na ba ta littafin ina jiran ta yaba. Ta karanta, ta ajiye, ta ce, "Ya faɗi gaskiya. To, shi ya rubuta nasa. Matarsa fa, wa ya rubuta nata?"

Sai a ranar na gane ban taɓa tambayar ta yadda ta yi shekarun nan ba. Na zauna, ta yi magana tun daga la'asar har rana ta faɗi, ban katse ta ba. Na ji abubuwan da na aikata waɗanda ban ma tuna da su ba. Na roƙi gafararta, ta ce ta yafe, amma zai ɗauki lokaci. Ya kuwa ɗauka.

Baba Bulus ya daɗe da komawa ga Ubangiji, Alhaji ma ya rasu, shagon ya zama wurin sayar da yadi. Ladi kuwa ga ta can zaune cikin zumuntar mata, har yanzu tare muke.

Na gode wa Yesu da bai bar ni a inda nake ba. In akwai wanda maganata ta ɓata wa rai yau, kada ka tashi ka fita, ni ma haka na ji. Ka kawo masa kanka yadda kake, zai karɓe ka. In ka koma gida kuma, ka zauna ka saurari waɗanda suka sha wahalarka. Amin.