Hannun da Na Sa wa Baba

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Daga Farin Gada nake rubutowa.

Mahaifina, tsohon mai haƙar kuza, yana fama da ciwon daji. Likita ya ce ƙarfin jikin tsoho ke nuna ko zai jure magani ya rayu. Ya ce, "Baba, tashi da kanka." Na kasa kallon ubana yana kokawa da kujera, sai na tallafe shi a ɓoye. Likita ya rubuta yana da ƙarfi, aka sa masa magani mai zafi.

Sati uku ke nan. Yanzu a zaune yake salla, ko kunu ba ya zama a cikinsa. Kullum "da sauƙi" yake cewa.

Masu sauraro, in koma in faɗa wa likita, ko na riga na makara?