Kunya a Tsakiyar Titi

A rumfar mai walda, wani direba yana jiran a liƙe masa salansa, wani dattijo kuma ya kawo keken jikarsa.

"Baba, wane marar aikin yi ne ya tayar da kunya a tsakiyar titin makaranta? Gyaɗa zai shuka?"

"Ƙila saboda yara masu keke ne," in ji dattijon.

"Yara? Salansa ta cire min! Gudu nake, ban ma gan ta ba."

"Da yaro ne fa, da ka gan shi?"

Direba ya juyo ya dube shi. Can sai idonsa ya faɗa kan busasshen siminti a ƙafar wandon dattijon.

"Haba Baba! Ba ka da kunya?"

"Ina da ita, ɗana, har guda uku. Ta farko kawai ka taka."