Ni na ƙera bencin da anka tada uwata daga kai

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu, wanda bai gaji da ni ba lokacin da ni na gaji da kowa.

Sunana Dauda, kafinta. Tsofaffin cocin nan na Tambuwal sun san ni, kuma ba da alheri sunka san ni ba. Rabaran ya ce in rubuta shaidata don takardar zumunta. Karatuna a aji fuɗu ya tsaya, saboda haka wanda ya ga kure ya gyara a ransa, kada ya zo mini da shi.

Bencin da kuke zama bisa kowace Lahadi, ni na ƙera su, zamanin Baturen mishan da ke riƙe da cocin. Shi ya zana mini a takarda. Kujera biyu masu hannu, tashi da ta matatai. Benci shida masu majingini, na akawuna da ma'aikatan da sunka zo daga kudu. Sauran na baya kuwa katako ne miƙe ba majingini, namu 'yan ƙasa. Ban tambayi dalili ba. Har daɗi na ji da ya yaba aikin. Ganga ma ya hana ta shiga, wai ta bori ce. Matatai ke taka akwatin kiɗa da ƙafa, mu kuma mu bi waƙar Turanci da baki, ba mu san abin da muke faɗi ba.

Uwata, Inna Saratu, niƙa da ɗaukar itace sun gama da ƙugunta. Wata Lahadi ta shigo a makare tana dogara sanda, ta ga gurbi a ƙarshen benci na shida, ta zauna, ta jingina. Na ga yadda ta lumshe ido. Ana cikin waƙa sai Mista Ojo, akawun awon gyaɗa, wanda shi ne mai tsara zama a coci, ya zo ya taɓa kafaɗarta da littafin waƙa.

"Mama, nan ba wurinki ba ne."

"Ɗana, ƙugu ke mini ciwo."

"Doka ce, Mama. Tashi."

Ta tashi. Ba wanda ya daina waƙa. 'Yan'uwa, ku ji da kyau, don nan ne ciwon yake: ni ma ban daina ba! Ina tsaye taku biyar daga gare ta, bakina na motsi.

Inna ba ta ƙara taka cocin nan ba. Daminar da ta biyo baya ta rasu. Bayan munka rufe ta na kwashe kayan aikina da matata Hannatu da yara, na koma Kebbe, na rantse ni da coci sai dai a kai gawata.

Shekara tara na yi can. Anka ba mu mulkin kai, na ji a rediyo a ƙofar fada. Bature ya tafi gida. Hannatu takan bi motar kasuwa ta zo sujada sau ɗaya a wata, ta dawo ta ce mini zama na nan yadda yake. Sai in yi dariya in ce, to, baƙar fata ya gaji farar fata, ina ribar? Na kama burkutu. Yarana in sun ji tafiyata sai su watse. Kullum in na ɗaga guduma, kan Ojo nika gani a kan ƙusa. Maƙwabcina Malam Buhari, mai koyar da allo, mutum mai haƙuri, ya taɓa ce mini, "Dauda, ba ka masallaci, ba ka coci. Kai da wa kake faɗa ne?" Na ce masa ya kula da ɗalibansa. Kwana uku ban gaishe shi ba.

Sai bishop ya aiko sabon rabaran, mutumin kudancin Zariya. Hannatu ta ce ya shigo da ganga da tulun kiɗa, kuma ya fara taron Alhamis: a yi waƙa, kowace ƙabila ta koya wa saura tata, a yi addu'a, sa'an nan wanda anka taɓa wulaƙantawa don ƙabilarsa ko fatarsa ya tashi ya faɗa, wanda ya yi wulaƙancin shi ma ya tashi. Na ce wasan yara. Ba a jima ba ta kawo mini saƙo, wai ana son kafinta ya zo ya daidaita benci.

Na ce zan daidaita su kuwa. Na wasa zartona. Niyyata in yanke majinginin benci shidan nan, kowa ya ɗanɗani abin da Inna ta ɗanɗana.

Na iso ranar Alhamis da azahar. Mata na gefe suna shirin koyon waƙa. Ban gai da kowa ba. Na kwantar da benci na shida na sa masa zarto. Benci na ta rawa, zarto na tsalle. Sai na ji ya tsaya cik. Na ɗaga kai, wani tsoho ne ya danne shi da hannu ɗaya, ɗayan hannun na lilo, rabin bakinsa a karkace. Sai da ya yi magana na gane shi.

"Yanke, Malam Dauda. Na riƙe."

"Sake mini benci, Ojo."

"Ni na roƙi Rabaran a kirawo ka. Alhamis ta farko na tashi na faɗa wa jama'a abin da na yi wa mamarka. Kowa ya ji. Kai kaɗai ba ka ji ba."

"Ka makara. Tana ƙasa."

"Na sani. Na je kabarinta. Ba ta amsa ba."

Na ce masa, "Ba ni yafe maka." Ya ce, "To. Yanke." Bai saki ba.

Sai mata sunka buga tulu, ganga ta amsa. Waƙar da sunka ɗauka, ta Inna ce. Ita ta ƙaga ta a bakin dutsen niƙa, tana roƙon Yesu ya ɗaukar mata kaya. Ba ta taɓa yin ta a coci ba, ba a yarda ba. Ashe Hannatu ta koya musu. Na ga matan Yarabawa da na Ibo suna amsawa. Ojo ma yana bi da karkataccen bakinsa, yana ɓata kalmomin, amma ya san ta daga farko har ƙarshe.

Na durƙusa cikin garin katako, ni da na yi shekara tara ban ce Amin ba. Na ce, "Ubangiji, wanga mutum ya tada ta, gaskiya ne. Amma ni na ƙera bencin, ni na tsaya ina waƙa. Shina da laifi, amma shi nika zagi don kada in zagi kaina. Na gaji! In kana gafarta wa mutum biyu a lokaci guda, to ga mu."

Na yi kuka kamar jariri a gaban mata. Ojo ya ɗora hannunsa mai rai a kaina yana addu'a da Yarabanci. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na ce Amin. Na tashi na aje zarton gefe. Yabo ga Ubangiji!

Mako uku na yi ina sa wa kowane benci majingini. Ojo ke miƙo mini ƙusa. Mun yi faɗa sau biyu kan awo, don har yanzu shina ganin ya fi kowa sani. Kujerun Bature munka mai da su na marasa lafiya da masu ciki.

Ban ce na zama mala'ika ba. Bakina na nan da kaifinsa, ku tambayi Hannatu. Amma tun ranar ban ƙara kai burkutu baki ba, kuma yarana sun daina guduna.

Na gode wa Allah da ya jira ni. Kai da ke karanta wannan, in akwai wanda kake zagi a ranka shekara da shekaru, kada ka ce sai ka huce za ka zo. Ka zo Alhamis ƙarfe fuɗu da fushinka yadda yake, ka dogara ga Yesu. Ni da zarto na zo, kuma ya karɓe ni. Amin.