Na Rabar da Awakina, Sai Ban Mutu Ba

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Hajara mai ƙosai daga Gangara.

Bara aka yi mini aikin maƙoƙo a Maradi, aka aika tsokar da aka cire a duba. Sakamako ya dawo cewa sankara ce, wai mai saurin yaɗuwa. Ina isa gida na rabar da awakina kaf ga dangi, na nemi gafarar kowa, na zauna jiran ajali.

Sai likitan da ya yi mini aikin ya kira ni. Ya ce, "Inna, masu duba tsokar nan sukan saɓa. Wadda wani ya ce mai tsanani ce, wani ya ce da sauƙi. Ko watan azumi ai sai an tara shaidu." Ya aika wa wasu biyu, kowa ya duba shi kaɗai. Dukansu suka ce mai tafiyar hawainiya ce. Wanda ya duba tun farko ya sake dubawa, shi ma ya yarda.

Alhamdulillahi! Yau ina shan magani, ina zuwa awo, na koma bakin kaskona. Jama'a, ku roƙi a sake duba muku, ba raini ba ne.

Ga shawarar da nake nema. Ƙanena Sale ya ga na miƙe, amma ya yi gum da jar akuyata, har ta haifi biyu. Kyautar mai jiran mutuwa, in bai mutu ba, tana dawowa?

A gaishe mini da Sale. Na san yana saurare.