Daga Bakin Dokin Na Ji

A tashar jirgin ƙasa ta Kildare, bayan an tashi daga tseren dawaki, wata mata ta ga wani dattijo yana ninke takardar cacarsa.

"Baba, an dace?"

"Ina fa! Dokina ya zo na ƙarshe. Kuma daga bakin dokin na ji zai ci."

"Kowa haka yake cewa. Ai sai mai ba dokin abinci ya gaya maka da kansa ake faɗin haka."

"Shi ya gaya mini. Ɗana ne, Fintan."

"To ya cuce ka."

"Shekara shida bai kira ni ba, 'yata, sai jiya." Ya sa takardar a aljihu. "Ko da ya ce jaki ne zai ci, zan zuba kuɗina."